WA ZAI ƊAUKI KASADA? ZAƁEN NAU'IN KWANGILAR GINA TASHAR LANTARKI, DARASI DAGA MADATSAR TIGA

Gabatarwa

Duk manomin da ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago ya san hanya biyu ce ake bi wajen biyansu. Ko dai a yi da su a kan yini, a biya kowa ladan ranar da ya yi aiki, ko kuwa a yi jinga, wato a yanke kuɗin nome gonar baki ɗaya tun kafin a sa fartanya. Idan aikin yini ne, aka tarar ciyawa ta yi yawa har aiki ya ɗauki kwana biyar maimakon uku, mai gona ne ya yi asara. Idan kuwa jinga ce, asarar ta ɗan ƙwadago ce. Shi ya sa mai wayo a cikinsu ba ya faɗin kuɗin jinga sai ya zaga gonar, ya kuma ɗora wani abu a kai saboda abin da ido bai gani ba.

Wannan hikima ta gona ita ce ginshiƙin darasinmu na wannan fitowa. Gwamnati ko kamfanin da ke son gina tashar samar da lantarki yana fuskantar irin wannan zaɓi, sai dai kuɗin ya kai biliyoyin naira, aikin kuma yakan ɗauki shekaru. Za mu duba nau'o'in kwangilar da ake amfani da su, da abin da kowane nau'i ke ɗora wa mai aiki da wanda yake ɗora wa ɗan kwangila. Madubinmu shi ne tashar lantarki ta madatsar ruwan Tiga da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji a kudancin Jihar Kano.

Tiga da ruwanta

Kogin Kano yana gangarowa ne daga tuddan kudu, ya ratso ƙasar Doguwa da Tudun Wada, ya bi ta dajin Falgore, sannan ya zube a tafkin Tiga. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tafkin ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Babban dalilin gina shi shi ne noman rani a Kadawa da Kura da kewayensu, da kuma samar wa birnin Kano ruwan sha. Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce, ita ke kula da madatsar da sakin ruwanta.

A shekarar 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ba kamfanin Skipper kwangilar naira biliyan 14.2 domin kafa injinan lantarki a madatsun Tiga da Challawa. An tsara Tiga ta ba da megawat 10, Challawa kuma megawat 25. Gwamnatin ta sauka a 2015 aikin bai ƙare ba, ta Abdullahi Umar Ganduje ta gaje shi. Daga baya an rage ƙarfin da ake sa ran samu a Challawa, kuma shekaru kusan goma suka shuɗe kafin a kai ga gwada injinan Tiga. An nufi wutar ne musamman ga matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Wannan tarihi ya ishe mu dalilin tambaya: me ke sa aikin lantarki ya daɗe, kuma wace rawa nau'in kwangila ke takawa a ciki?

Yadda ruwa ke zama lantarki

Kafin mu shiga batun kwangila, ya kamata ɗalibi ya fahimci abin da ake saye. Ruwan da madatsa ta tare yana gangarowa ta cikin ƙaton bututu da ƙarfi, ya bugi farfelar inji ta juya, ita kuma ta juya janareta. Abu uku ne ke ƙayyade yawan wutar: tsawon gangarowar ruwan, da yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da ingancin injin. Ga ƙa'idar lissafin:

Wuta a ma'aunin kilowat = 9.81 × yawan ruwa a daƙiƙa × tsawon gangara × inganci

Mu ƙaddara, domin misali kawai, ruwa yana gangaro mita 30, kubik mita 40 na wucewa a daƙiƙa, ingancin inji kuma kashi 85 cikin ɗari ne. Idan muka lissafa 9.81 × 40 × 30 × 0.85 za mu sami kilowat 10,006, wato kimanin megawat 10. To, shekara guda tana da daƙiƙa 31,536,000. Ke nan idan ana son wannan inji ya yi ta aiki dare da rana har shekara, sai an saki ruwa kubik mita biliyan 1.26, kusan kashi biyu bisa uku na abin da aka tsara tafki kamar Tiga ya riƙe.

Gaskiya ne ruwan da ya bi ta inji bai salwanta ba, yana ci gaba da tafiya gonaki ko kogi. Amma lokacin sakinsa da yawansa suna bin bukatar manoma da masu shan ruwa da mazauna fadamun Hadeja da Nguru. Haka kuma idan tafki ya ja baya a ƙarshen rani, tsawon gangara ya ragu, wuta ma ta ragu. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu komo gare shi.

Matakan aiki da kasadar da ke cikinsu

Kowace tashar lantarki tana bin matakai biyar: binciken yiwuwar aiki, zanen injiniya, sayo injina da kayan aiki, gini da kafa injina, sannan gwaji da gudanarwa. A kowane mataki akwai kasada, wato abin da kan iya faruwa ya ƙara kuɗi ko ya ja lokaci. Zane kan zo da kuskure. A kan tona rami a tarar da dutse inda aka zaci ƙasa ce. Kaya kan maƙale a tashar jiragen ruwa. Darajar naira kan faɗi alhali da dala ake sayo injin. Rashin tsaro ma kasada ne: aikin tashar lantarki mai amfani da iska ta megawat 10 a Lambar Rimi ta Jihar Katsina ya gamu da babban cikas bayan da aka sace wani injiniya Bafaranshe mai aiki a wurin a watan Disamba na 2012.

Babu takardar kwangilar da ke kawar da waɗannan abubuwa daga duniya. Abin da takarda ke yi shi ne ta faɗi wanda zai biya idan sun auku. Masana harkar sun yi ittifaƙi a kan ƙa'ida ɗaya: a ɗora kowace kasada a kan wanda ya fi iya hana ta ko rage ɓarnarta. Idan aka ɗora wa ɗan kwangila abin da ba shi da iko a kansa, ɗayan biyu ne zai faru: ko ya tsawwala farashi tun farko, ko ya gudu ya bar aiki a tsakiya.

Hanya ta farko: aikin kai tsaye

A nan mai aiki shi ne magini. Gwamnati tana amfani da injiniyoyinta da leburorinta da motocinta, ta sayo kaya da kanta. Jihar Kano ta yi suna a wannan fage, domin hukumarta ta albarkatun ruwa da gine-gine, WRECA, ta gina madatsun ruwa da dama da ma'aikatanta, kuma ita ce ta fara aikin madatsar Challawa kafin kamfanin Julius Berger ya kammala shi a 1992. Amfanin wannan hanya shi ne ribar ɗan kwangila ta zauna a gida, 'yan ƙasa kuma sun ƙware. Illarta ita ce dukkan kasada tana wuyan gwamnati. Bugu da ƙari, tara ƙasa da dutse a yi madatsa daban yake da ƙera injin lantarki, wanda kamfanoni ƙalilan ne a duniya ke yin sa. Saboda haka ba kasafai ake gina tashar lantarki ta wannan hanya ita kaɗai ba.

Hanya ta biyu: a zana, a yi tanda, a gina

Wannan ita ce tsohuwar hanyar da aka fi sani. Mai aiki ya ɗauki injiniyoyi masu ba da shawara su zana komai dalla-dalla, sannan a tallata aikin, 'yan kwangila su yi takarar farashi a kan zane ɗaya. Galibi ana biyan wanda ya ci ne bisa awon abin da ya yi: kuɗi kaza a kan kowane kubik mita na kankare, kaza a kan kowane tan na rodi. Haka aka gina Kainji tsakanin 1964 da 1968. Kamfanonin Balfour Beatty na Ingila da NEDECO na Holan su ne injiniyoyi masu ba da shawara, gamayyar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo kuma ta yi ginin madatsar.

Kyawun wannan tsari shi ne mai aiki ya san ainihin abin da za a gina masa, kuma kwatanta farashi yana da sauƙi. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, ba a fara gini sai zane ya kammala, don haka yana cin lokaci. Ta biyu, idan tasha ta ƙi aiki yadda ake so, mai zane zai ce laifin magini ne, magini ya ce shi abin da aka zana ya bi, mai aiki ya rasa wanda zai kama. A doka ma, kuskuren zane nauyin mai aiki ne a tsakaninsa da magini.

Hanya ta uku: kwangilar miƙa makulli

Wannan ita ce jingar manyan ayyuka, wadda injiniyoyi ke taƙaita sunanta da haruffan EPC. Mai aiki ya rubuta bukatarsa kawai: ina son tasha mai ba da megawat kaza, da inganci kaza, a rana kaza. Kamfani ɗaya ya ɗauki zane da sayayya da gini a kan farashi tsayayye, idan ya gama ya miƙa makulli. In ya makara, ana cire masa tara a kan kowace rana. In injin bai kai ƙarfin da aka yi alkawari ba, nan ma akwai tara.

Bankuna sun fi son wannan tsari, domin sun san adadin bashin da za su bayar da ranar da za a fara biyansu. Tashar Zungeru mai megawat 700 a kan Kogin Kaduna a Jihar Neja ta wannan hanya aka gina ta. Gamayyar kamfanonin Sin biyu, Sinohydro da CNEEC, suka fara aikin a 2013 a kan kimanin dala biliyan 1.3, bankin Exim na Sin ya ba da rancen kashi 75 cikin ɗari, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki sauran. An kammala a 2023. Shekara goma ke nan, abin da ke nuna cewa farashi tsayayye da rana tsayayya a takarda ba su isa su hana jinkiri ba.

Illar wannan hanya ita ce tsada, tun da ɗan kwangila yana ɗora kuɗin kasadar da ya ɗauka. Har ila yau, idan mai aiki bai rubuta bukatarsa da kyau ba, za a miƙa masa tasha mai arhar kaya wadda za ta ci jarrabawar ranar gwaji, ta fara ba da wahala bayan garanti ya ƙare. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Hanya ta huɗu: a karkasa aiki

Mai aikin da ke da ƙwararrun injiniyoyi yana iya raba aikin gida-gida: wannan kamfani ya yi ginin kankare, wancan ya kawo injina, wani ya ja layin wuta. Sau da yawa akan ɗauki kamfanin injiniyoyi ya zama mai kula da su duka, a biya shi ladansa. Ana samun sauƙin farashi, kowane ɓangare kuma yana hannun gwaninsa. Kasadar tana mahaɗa ne. Idan mai kankare ya makara, mai injina zai zo ya zauna yana jira, kuma mai aiki ne zai biya kuɗin zaman. Idan ramin da aka gina bai yi daidai da gindin inji ba, rigima ta tashi.

Hanya ta biyar: gina, gudanar, mayar

A hanyoyi huɗun da suka gabata, mai aiki ne ke nemo kuɗi. A ta biyar kuwa, ɗan kasuwa ne ke zuba jarinsa da bashin da ya ciyo, ya gina tasha, ya sayar da wuta na wasu shekaru har ya mai da kuɗinsa da riba. A wani tsarin yakan mayar wa gwamnati da tashar idan wa'adi ya cika, a wani kuma ta zama tasa. Dokar kafa hukumar ICRC ta 2005 ita ce ta shimfiɗa ƙa'idar irin wannan haɗin gwiwa a ayyukan Gwamnatin Tarayya.

Misalai biyu za su nuna fuskokinta. Tashar Azura mai aiki da iskar gas kusa da Binin a Jihar Edo, mai megawat 461, an kammala ta a 2018 kafin wa'adinta ya cika. Dalili kuwa, kafin a fara gini an riga an ƙulla yarjejeniyar sayen wutar, Bankin Duniya kuma ya tsaya lamuni. Sai dai yarjejeniyar ta wajabta biyan kamfanin muddin tashar a shirye take, ko an ɗauki wutar ko ba a ɗauka ba, abin da ya jawo muhawara mai zafi a ƙasar. A ɗaya ɓangaren, madatsar Dadin Kowa a Jihar Gombe an gina ta tun shekarun 1980, aka ba kamfanin Mabon damar kafa injinan megawat 40 a 2005, amma fiye da shekara goma suka wuce kafin wuta ta fito. Darasin shi ne, ɗan kasuwa ba ya samun bashi sai banki ya ga tabbataccen mai sayen wutar wanda zai iya biya.

Mu koma Tiga da ma'auni huɗu

Da me za a auna kafin a zaɓi hanya? Tambayoyi huɗu ne, kuma Tiga ta ba mu misalin kowace.

Na farko, me aka sani game da wurin? A Tiga madatsa tana nan tun 1974, saboda haka babban aikin tono da tare kogi, wanda ya fi kowane ɓoye abin mamaki, an riga an wuce shi. Abin da ya rage mafi yawansa ɗakin injina ne da injinan kansu da layin wuta. Irin wannan aiki ya dace da a damƙa wa kamfani ɗaya. Sabuwar madatsa mai ramuka a cikin dutse kuwa ta fi dacewa da biya bisa awo, domin babu ɗan kwangilar da zai yanke farashin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba tare da ya tsawwala ba.

Na biyu, ina kuɗin yake, kuma da wane kuɗi za a biya? A 2013 dala tana kusan naira 157 a farashin hukuma, don haka naira biliyan 14.2 ta kai kimanin dala miliyan 90. Bayan faɗuwar naira a 2016, lokacin da dala ta kai kusan naira 305, wannan adadi bai wuce dala miliyan 47 ba. Ɗalibi ya lura: ba a taɓa ko harafi ɗaya a takarda ba, amma kusan rabin ƙarfin sayen kuɗin a kasuwar waje ya tafi. Kyakkyawar kwangila takan fayyace tun farko wane kaso za a biya da kuɗin waje, da yadda za a daidaita farashi idan canji ya motsa. Aikin da ya dogara da kasafin kuɗin shekara-shekara kuma yana tafiya ne gwargwadon yadda kuɗi ke fitowa. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga haka a madatsar Kandaji mai megawat 130 a kan Kogin Kwara. An soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013, kamfanin Gezhouba na Sin ya ci gaba a 2019, sannan ya dakatar da aiki a 2023 sa'ad da kuɗin masu ba da rance ya tsaya bayan juyin mulki.

Na uku, wa ke da iko da makamashin? A nan ne lissafinmu na baya ya yi amfani. Tashar Tiga ta jiha ce, ruwan kuwa hukumar tarayya ke sakinsa bisa bukatun noma da sha. Ɗan kwangila zai iya yin alkawarin cewa idan an ba injinsa ruwa kaza daga tsawo kaza zai ba da megawat 10. Ba zai iya alkawarin damina mai albarka ba, ba kuma zai iya hana zaizayar ƙasa cike tafki da laka ba idan aka sare itatuwan Falgore. Wannan kasada ta mai aiki ce ko wace hanya aka bi, kuma maganinta sahihin binciken ruwa na shekaru masu yawa da rubutacciyar yarjejeniya da masu madatsa.

Na huɗu, wa zai karɓi wutar, kuma ta wace hanya? Tasha ba ta da amfani idan babu layi da taransifoma da za su kai wutar ga mai bukata. Dole a sa su cikin jadawalin aiki, a kuma san wanda zai gudanar da tashar ya riƙa gyara ta bayan ɗan kwangila ya tafi.

Abin da ba a ba da shi kwangila

Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, ta tanadi samfuran takardun kwangila da ake gane su da launin bangonsu: Jan Littafi domin aikin da mai shi ya kawo zane, Rawaya domin wanda ɗan kwangila zai zana ya kafa injina, da mai ruwan Azurfa, wanda ya fito a 1999, domin miƙa makulli. A gida kuma Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta sa takara a fili ta zama asalin hanyar ba da kwangilar tarayya. Duk da haka, takarda ba ta duba kankare. Ko da an ba kamfani ɗaya komai, wajibi ne mai aiki ya sami injiniyansa mai zaman kansa da zai duba zane, ya halarci gwajin injina a masana'anta, ya tabbatar an yi aiki kafin a biya. Kuɗin kafin alƙalami kada ya fita sai da lamunin banki, a kuma riƙe wani kaso har lokacin garanti ya wuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kammalawa

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da kula da ita. Ma'ana, yanke shawara irin ta Tiga zai yawaita a jihohinmu, kuma ɗaliban da ke aji a yau a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su ne injiniyoyi da akantoci da lauyoyin da za su zauna a teburin. Babu hanya ɗaya da ta fi sauran a kowane hali. Wadda ta dace ita ce wadda ta ɗora wa ɗan kwangila zane da inganci da saurin aiki, ta bar wa mai aiki abin da shi kaɗai zai iya tabbatarwa: fili, da ruwa ko gas, da kuɗi a kan kari, da mai sayen wuta.

Tambayoyi domin nazari a aji

1. Idan tafki ya ja baya har tsawon gangara ya koma mita 24, sauran alƙaluman misalinmu ba su canza ba, kilowat nawa za a samu?
2. Kwangilar naira biliyan 6 ce, rabinta na injinan waje. Idan farashin dala ya ninka biyu kafin a sayo su, naira nawa ake bukata a kammala aikin?
3. Makarantarku za ta kafa faifan hasken rana domin ɗakin gwaje-gwaje. Ku kasu gida uku, kowane rukuni ya kare hanya ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, ya lissafa kasada uku da wanda zai ɗauki kowace.